Za mu je Maradi aikin bishara da yara, ina neman shawara

Malama Saratu, Sabon Tasha:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ina koyarwa a makarantar Lahadi. Zumuntar matasanmu ta shirya zuwa Nijar a hutun Agusta, wata ƙaramar ikkilisiya a ƙauye kusa da Maradi ce ta gayyace mu, kuma ni aka ɗora wa sashen yara. Zamanmu ba zai wuce mako biyu ba. Abin da ke damuna shi ne, yaran za su shaƙu da mu, sai kuma mu kwashe kayanmu mu dawo Kaduna. Me zan yi musu da zai ɗore? Wasu sun ce a tara alewa da biskit da gwanjo, amma raina bai kwanta ba.

Mama Rifkatu, Narayi:
'Yata, gara da ranki bai kwanta ba. Baban yarana mai bishara ne a ƙarƙashin EMS, sashen aikin bishara na ikkilisiyar ECWA, mun daɗe a ƙauye, na sha karɓar baƙi irinku. Idan suka zo da alewa, majami'a sai ta cika har waje. Ranar Lahadin da ta biyo bayan tafiyarsu, malamar da aka bari ba ta da ko alli, yara su leƙo, su ga ba komai, su juya. Da idona na ga wata ta zauna tana hawaye.

Kafin ki haɗa jaka, ki kira faston can ki tambayi wace ce ke koyar da yara. Ita za ki je dominta. Ta tsaya a gaba, ke ki tsaya a bayanta. Ku zauna da yamma ku tsara darussan da za su kai ta Kirsimeti. Ki kai mata Littafi Mai Tsarki na Hausa, littafin waƙoƙi, alli, da hotunan labarai masu kauri waɗanda hannun yara ba zai yaga ba. Tufafi kuwa a damƙa wa fasto da matarsa, su suka san gidan da ke da bukata.

Sannan yaran maƙwabta Musulmi za su biyo waƙa su zo. Kada ki shigar da ɗan kowa aji sai da sanin iyayensa. Kiristoci 'yan kaɗan ne a Nijar, kuma ba su manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ku baƙi ne, su ne za su ci gaba da ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da mutanen garin. Hoton yara ma kada ya hau Facebook ba izini.

Hannatu, Barnawa:
Anti Saratu, ni ma'aikaciyar jinya ce. Agusta tsakiyar damina ne, zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara a lokacin. Kowa ya tafi da gidan sauronsa da katin rigakafin ciwon shawara. Idan yaro ya zo da zafin jiki, don Allah kada a ciro magani daga jaka, a raka uwarsa asibiti. Akwai cibiyar lafiya ta ƙungiyar mishan ta SIM a Danja kusa da Maradi. Ku kuma binciki batun takardu da wuri, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma hanyar Jibiya a bi ta da rana.

Bulus, Kakuri:
Mama, a gafarce ni. Kuɗin mota da canjin sefa kaɗai zai ciyar da yara da yawa a Kajuru da Zangon Kataf, waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Me ya hana mu fara da na gida?

Malama Saratu:
Ɗan'uwa Bulus, maganarka ta taɓa ni, zan kai ta gaban kwamiti ranar Laraba, ko a ware wa Kajuru wani kaso na baikon. Amma mutanen can su suka kira mu, harshenmu ɗaya, ba ma bukatar tafinta. Mama, na gode. Na yi waya da faston yau, ashe matarsa ce ke riƙe da ajin ita kaɗai, ga goyo. Ta ce abin da ta fi so shi ne a horar mata da 'yan mata biyu da za su riƙa taya ta. Wa ke da tsarin darussan yara na Hausa da zai ara mini in yi kwafi?