Neman shawara: koyar da labarin wanda ya tsira a teku

Malamar aji:
Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina karanta wa ɗalibaina wani ƙagaggen labari na Turanci game da matashin da jirginsu ya nutse, ya rage shi kaɗai a kwale-kwalen ceto har tsawon makonni. Yaran suna son labarin, amma da mun shiga babin da ake bayyana sassan jirgi da yanayin iska sai su yi tsit. Na rubuta musu kalmomi talatin da ma'anoninsu, sun haddace, sun ci gwaji, amma da na tambaye su dalilin da ya hana yaron shan ruwan da ke kewaye da shi alhali ƙishirwa na neman halaka shi, babu wanda ya iya amsawa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ina ganin haddar ba ta kai su ga fahimta ba. Don Allah ta yaya zan tsara aikin kalmomi da tambayoyin auna fahimta?

Wani tsohon malami:
Wa alaikumussalam, Malama. Kalma talatin a lokaci ɗaya ta yi yawa. Ki duba kowane babi ki tsamo kalmomi biyar ko shida waɗanda idan yaro bai san su ba labarin zai kuɓuce masa, ki bar sauran. Sunan wata igiya da aka ambata sau ɗaya a jikin jirgin da ya riga ya nutse ba shi da nauyin kalmar da ke nufin ruwa na jan kwale-kwale inda ya ga dama, domin wannan ita ce halin da yaron yake ciki daga farkon littafi zuwa ƙarshensa. Sassan jirgi kuwa zane ɗaya a allo ya wadatar, su sa wa kowane sashe sunansa.

Wani da ya yi aikin jirgin ruwa:
Malama, ni ba malami ba ne, amma tambayar da yaranki suka kasa amsawa tana da amsa mai sauƙi. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Ƙodar ɗan Adam ba ta iya fitar da fitsari mai gishiri haka, don haka sai jiki ya yi amfani da ruwan da ke cikinsa wajen kore gishirin, mutum ya yi asarar fiye da abin da ya sha. Shi ya sa wanda ya sha yake ƙara jin ƙishirwa, daga baya hankalinsa ya fara gushewa. Mutum yana iya yin makonni babu abinci, amma babu ruwa kwanaki kaɗan ne. Idan yara suka san wannan, za su gane dalilin da ya sa hadari, wanda matuƙi ke tsoro, yake zama abin murna ga mai ƙishirwa.

Ki kuma ba su labarin gaskiya su gwada da na littafin. A watan Nuwamban 1942 jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da wani jirgin kaya na Birtaniya a tekun Atilantika, wani ma'aikacinsa ɗan ƙasar Sin mai suna Poon Lim ya yi kwana 133 shi kaɗai a kan katakon ceto kafin masunta su tsamo shi kusa da gaɓar Barazil a Afrilun 1943. Ya tari ruwan sama, ya ƙera ƙugiya da wayar tocila, ya riƙa ƙulla igiya domin lissafin kwanaki, daga baya ya koma ƙidayar cikar wata.

Wata malamar harshe:
Na yarda da Baba kan rage yawan kalmomin, amma ban ga ya kamata a ba su ma'ana tun kafin karatu ba. Irin wannan labari yana maimaita kalmominsa, tun da mutum ɗaya ne a wuri ɗaya, da rana da iska da ƙishirwa. Ki bari su haɗu da kalmar, su yi hasashe daga jimlolin da ke gabanta da bayanta, su faɗi abin da ya sa suka zaci haka, sannan a buɗe ƙamus a tabbatar. Tambayoyinki kuma su bar "me ya faru" su koma "me ya sa". Maimakon tambayar kwana nawa ya yi, ki tambaye su me ya sa yake ƙirga kwanakin alhali ƙirgar ba za ta kawo masa jirgi ba, kuma kowace amsa a nuna layin da ya tabbatar da ita.

Tsohon malamin:
Gaskiyarki, Malama, sai dai akwai kalmar da hasashe ba ya kamo ta. Ma'aunin gudun jirgi, wato mil ɗaya na teku a awa, wanda shi ne mita 1,852, babu jimlar da za ta bayyana wa yaro shi. Irin wannan a faɗa masa kai tsaye.

Malamar aji:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. A babi na gaba ne aka yi ruwan sama na farko. Zan fara da bayanin gishiri da ƙoda, in zaɓi kalmomi shida, biyu in faɗa musu ma'anarsu, huɗu su yi hasashe, sannan in sa su rubuta abin da yaron zai fara yi da ya ga hadari ya haɗu, kafin mu juya shafin.