Notin sitiyarin tsohuwar mota: wane soket ne daidai?

Mai Gyaran Tsoffi: Assalamu alaikum. Waɗanda suka saba kwance sitiyarin tsofaffin motoci, kowa ya kawo abin da ya gani a aiki game da girman soket, wato ƙarfen da ake kifawa a kan noti a kwance shi. Ba a zaɓarsa da ido. Ana auna notin ne daga gefe mai faɗi zuwa gefen da ke fuskantarsa, ba daga kusurwa zuwa kusurwa ba. Matsalar ita ce notin yana can cikin ramin sitiyari, abin awo ba ya shiga. Sai a danna guntun kwali ko sabulu a kansa, shatinsa ya fito, a auna shatin a waje.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Kafin awo ma, Malam, a san ƙasar da ta ƙera motar. Motocin Jamus, Faransa da Japan milimita ne. Tsofaffin na Amurka inci ne. Volkswagen Beetle, gwargwadon shekararta, 24 ne ko 27. Wasu lambobin suna haɗuwa: inci 1 da 1/16 milimita 26.99 ne, don haka soket 27 zai zauna a kansa daram. Inci 3/4 da milimita 19 ma haka. Amma 15/16 milimita 23.8 ne, idan ka sa masa 24 za ka ji yana ɗan wasa. Noti mai lafiya zai jure wannan, wanda tsatsa ta ci kuwa kusurwarsa za ta goge. Shi kuma 7/8 milimita 22.2 ne, sau da yawa 22 ba ya shiga.

Ɗan Gareji: Oga, ka bar motocin Ingila, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Tsofaffinsu, musamman na kafin tsakiyar shekarun 1950, suna da awon Whitworth. Lambar da ke jikin sifanar Whitworth kaurin ƙarfen da notin ke hawa take nufi, ba faɗin kan notin ba. Wanda aka rubuta wa 3/4 W bakinsa inci 1.300 ne, kusan milimita 33. Idan babu shi, inci 1 da 5/16, wato milimita 33.3, zai iya kamawa, da ɗan sarari. Soket 32 ba zai shiga ba, 34 kuma zai zame. Duk wanda ya ga noti ya ƙi milimita ya ƙi inci, ya fara zargin Whitworth kafin ya ɗauki guduma.

Oga Bakanike: Gaskiya ne. Kuma lamba kaɗai ba ta isa ba. A ɗauki soket mai kusurwa 6, ba mai 12 ba, domin mai 6 gefen notin yake riƙewa, mai 12 kuwa ƙarfinsa a kusurwa yake sauka. Jikinsa ya zama siriri, domin mai kauri irin na injin iska ba ya shiga ramin. Idan kan sandar sitiyarin ya leƙo sama da notin, sai dogon soket. Abin da ba a cika lura da shi ba: yawancin waɗannan notin ba su da kauri, bakin soket kuma a fiƙe yake ta ciki, sai ya kama rabin notin kawai. A goge bakin a dutsen washi har ya zama shafe, zai kama shi gaba ɗaya.

Hajiya Mai Lantarki: Ku cire kan batir tukuna. A motoci da yawa wayar hon ta tsakiyar sandar take bi, soket yana taɓa ta sai hon ya kama ihu ko fis ya ƙone. A janye wayar gefe kada a datse ta. Murfin tsakiya kuma a ɓamɓare shi a hankali, tsohuwar roba ce mai saurin tsagewa, samun wata da wuya. Idan akwai washa mai kunne da aka lanƙwasa a gefen notin, a miƙe kunnen, in ba haka ba soket ɗin da ya dace ma ba zai zauna ba, mutum ya ɗauka girman ne bai yi ba.

Mai Gyaran Tsoffi: Madalla, Hajiya. Wajen kwancewa, a miƙe tayoyin gaba, a yi alama a kan sanda da jikin sitiyari don ya koma kan haƙoransa na da. Wani ya riƙe sitiyarin da hannu, kada a jingina ƙarfin a kan makullinsa, karyewa yake yi. Idan notin ya saki, kada a cire shi duka, a bar shi a kan zare uku ko huɗu, wato zagayen kan sandar da notin ke hawa. Sitiyarin yana manne ne a kan sanda mai tsukewa, idan ya saki da ƙarfi yake tahowa, notin ne zai tare shi kada ya daki fuska.

Ɗan Gareji: Idan ya ƙi, a zuba man kwance tsatsa a bar shi ya kwana, sannan a sa ƙarfen da ake zaro sitiyari da shi. Kada a daki kan sandar. Zaren zai baje noti ya ƙi hawa, kuma motocin ƙarshen shekarun 1960 zuwa sama da yawa suna da sanda mai naɗewa lokacin haɗari, duka yana karya ƙananan robobin da ke riƙe ta. Wajen mayarwa a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, daidai lambar da littafin motar ya faɗa, sannan a sake lanƙwasa kunnen washa.