Aidin-131 da aka ba Gwaggona: yaushe zai bar jikinta?

Maman Husna:
Assalamu alaikum. Gwaggona na fama da maƙoƙo, satin da ya wuce aka ba ta maganin aidin-131, wato aidin mai fitar da radiyeshan (haskoki marasa ganuwa da ke iya cutar da na kusa da ita), ta sha a asibiti. Likita ya ce ta kwana ita kaɗai, ta ware kofinta da cokalinta, kada ta ɗauki jikokinta har sai ya ba da izini. Ya kuma ce duk kwana 8 rabin sinadarin ke lalacewa. To idan rabi ya tafi a kwana 8, ba a kwana 16 zai ƙare ba? Husna kullum tana bakin ƙofar ɗakin tana kuka, ni kuma ina so in fahimci lissafin da kaina.

Malamin Fizis:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Gwaggo lafiya. A'a, Maman Husna, rabin abin da ya saura ne ke tafiya kowane zango na kwana 8. Ki ɗauka kashi 100 ne a ranar farko. Bayan kwana 8 saura 50, bayan 16 saura 25, bayan 24 saura 12.5. Sai an kai kwana 80, wato zango 10, kafin ya koma kusan kashi ɗaya cikin dubu.

Idan kwanakin ba su faɗa daidai kan zango ba, ki raba su da 8, sannan a kalkuleta ki danna 0.5, ki danna maɓallin ^, ki sa abin da kika samu. Kwana 20 ya zama 2.5 ke nan, amsar kuma kusan kashi 18 cikin 100. Kowane sinadari irin wannan da nasa wa'adin raguwa da rabi: teknishiyam-99m da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi awa 6 ne, kabon-14 kuwa shekara 5,730. Da kabon-14 ɗin aka gano cewa kwale-kwalen Dufuna na jihar Yobe ya kai shekara dubu 8.

Sista Binta:
Lissafin Malam na aidin da ke cikin kwalba ne. A jikin mutum ya fi saurin raguwa, domin abin da maƙoshi (wato thyroid, wurin da maƙoƙo ke fitowa) bai riƙe ba yana fita ta fitsari, yawanci a kwanakin farko. Shi ya sa ake cewa ta yawaita shan ruwa, a kora bayan gida sosai, ta wanke hannu da sabulu. Amma ƙanwata, don Allah kada lissafin nan ya sa ki kai mata yarinyar. Maƙoshin ƙananan yara ya fi saurin illatuwa, kuma likitan ne ya san adadin da ya ba ta. Idan akwai mai ciki a gidan, ita ma ta yi nesa.

Maman Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kishiyata na da ciki wata biyar, kuma ita ke kai mata abinci. Daga yau ni zan karɓa.