An mayar da masu hoton ƙashi 'yan dako?

Mai Eksire: Jama'a, a faɗi gaskiya, an mayar da masu hoton ƙashi 'yan dako. Ka ciccibi majinyaci daga gado zuwa tebur, ka tura na'ura mai nauyin ɗaruruwan kilo, ka sunkuya ka cusa faifan ɗaukar hoto mai santimita 35 da 43 ƙarƙashin bayan mutum, ga rigar dalma ta kariya daga hasken eksire a kafaɗa. In baya ya riƙe, a ce ragwanci ne!

Hajiyar Sikanin: Dako? Haba ɗan'uwa, mutum ne fa, ba buhu ba. Janye kalmar nan.

Babban Yaya: Ƙanena, wanda ya ciccibi mutum shi ya mai da kansa ɗan dako. Zamarwa ake yi. A daidaita tsayin gado da tebur, a taka birki, a sa allon zamewa ƙarƙashin zani, mutum uku ko huɗu, mai riƙe kai ya ƙirga. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, kilo 23 ta iyakance wa ɗaga kaya, shi ma in kayan na jikinka ba ka murɗa ƙugu ba.

Mai Eksire: Yaya, a aikin dare mutum huɗun daga ina?

Ɗan Koyo: Ni dai me dako ya yi? Sana'a ce, a daina raina mutane.

Hajiyar Sikanin: Wa ya raina? Ku sabon shiga ba ku karanta magana. Kuma in dakon ne, masu sikanin ke yinsa: hannu a ɗage, yatsu sun matse na'ura, ana dannawa minti 20 ko fiye. Dantse ya buɗe fiye da digiri 30, kafaɗa ce ke biya, sai tsintsiyar hannu ta biyo da mutuwar yatsu. A matso da majinyaci bakin gado, a tokare gwiwar hannu da matashi.

Mai Eksire: Ku da kuke zaune a kujera?

Babban Yaya: Rigar dalmar ma, a nemi mai gida biyu, riga da siket, rabin nauyin ya sauka a ƙugu. A rataye ta, ninkewa na tsaga dalmar.

Ɗan Koyo: Siket kuma, Yaya?

Hajiyar Sikanin: To, a taƙaice: kowa ya yarda kalmar dako kuskure ce, kuma ciwon masu sikanin ya fi tsanani.

Mai Eksire: Wane kowan, Hajiya?