Ƙungiyarmu ta koma ta mutum goma, ya za a yi sauran su saki jiki?

Sakataren_Riƙo:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. An ɗora min sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikatan lab (ɗakin gwaje-gwaje), a rajista mun kai ɗari da sittin amma in aka kira mitin fuskokin nan dai su ne, manya su yi ta magana ƙanana su gyaɗa kai a tashi. Guruf ɗinmu na WhatsApp ma sai gaisuwar safe da turo hotuna, yaro sabon ɗauka zai samu matsala da na'ura ko wani sakamako ya rikice masa amma ba zai taɓa kawowa ba, gara ya laɓe ya kira abokinsa. Kuɗin wata kuwa sai an yi ta bin mutane kamar bashi. Wasu sun ce mu shirya fita shaƙatawa a saba da juna. Anya hakan zai yi kuwa?

Tsohuwar_Nas:
Wa alaikumus salam ɗana. Ku yi fitar in kuna so, ba laifi, amma za a yi dariya a ɗau hoto ran Litinin kowa ya koma yadda yake. Ka koma baya a guruf ɗin naku ka nemo ranar da wani ƙarami ya yi tambaya ta ƙarshe ka ga amsar da ya samu. Na tabbata akwai wani babba da ya rubuta masa "wai kai a ina ka yi karatu ne?" wasu suka bi da alamar dariya. To shi kenan fa, mutum ɗaya aka yi wa amma ɗari sun karanta, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai wata farfesa a jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci kan kuskuren ba da magani, tana zaton tawagar da ta fi jituwa ita za ta fi ƙarancin kuskure, sai ta tarar su ne ma suka fi yawan kuskure a rubuce. Ba wai sun fi yi ba, su dai ba sa tsoron faɗa ne, sauran kuwa binnewa suke. A 1996 ta fitar da rubutunta a kan wannan. Saboda haka ka samu manya biyu ko uku masu sauƙin kai, ka roƙe su su riƙa jefa tambaya a gaban kowa, irin "wa ya taɓa ganin kaza? ni kam ya ɗaure min kai". Ranar da yaro ya ga mai shekara ashirin a aiki yana tambaya, bakinsa zai buɗe.

Akanta_Ne:
Hajiya ta yi gaskiya amma ni ta wajen kuɗi zan zo. Malam sakatare yaushe rabon da ku nuna wa mambobi lissafi? Mutum ba ya jin ciwon biya, ciwon shi ne ya biya ya ji shiru. Duk ƙarshen wata ku manna abin da ya shigo da abin da ya fita da ragowa, har da hoton rasit, ko da na buga takarda ne. Asusu ya zama sai mutum biyu sun sa hannu. Kuma ku daina manyan alƙawura, ana cewa za mu gina sakatariya alhali bayanin mitin ɗin da ya wuce ma bai fito ba. Ka ce ran Laraba zai fito, ya fito ran Laraba. Haka kawai.

Mai_Kwamfuta:
Ɗari da sittin a guruf ɗaya ai taro ne. Wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya ƙiyasta kusan mutum 150 ne iyakar waɗanda mutum zai iya riƙe hulɗa da su sosai, kuma wannan har da danginka da abokanka fa. Ku kasa su bakwai-bakwai ko takwas-takwas, a cakuɗa manya da ƙanana, kowane kashi a ba shi aiki na gaske. Sabon shiga kar a bar shi da "barka da zuwa" kawai, a satin farko a ce kai za ka tattara tambayoyin mitin, ya ji in bai zo ba akwai abin da zai tsaya. Google ma sun duba tawagoginsu wajen 180 daga 2012, abin da Hajiya ta faɗa na rashin tsoron buɗe baki shi ya fito a sahun gaba, ba wai tara ƙwararru wuri ɗaya ba.

Sakataren_Riƙo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Matsalar dai ciyaman ne, mutumin kirki ne amma in na tayar da maganar lissafi zai ga kamar zarginsa nake, rarraba mutanen kuma zai ce ɓangaranci zan kawo.

Tsohuwar_Nas:
To kar ka kuskura ka fara kawowa a mitin. Ka same shi shi kaɗai, ka ce ranka ya daɗe ga abin da nake gani zai rufe bakin masu ƙananan maganganu, in ya amince ka bar shi ya sanar da bakinsa, kai ba sai sunanka ya fito ba. Maganar ɓangaranci kuwa yana da hujja fa, ina gani yana faruwa, shi ya sa ba a barin mutane su zaɓi abokansu, a yi ƙuri'a kuma a sake zubi duk wata shida.

Akanta_Ne:
Kuma ka fara da lissafin watan nan, kar ka tono na shekarun baya tukuna, in ba haka ba rigima za ka ɓallo kafin ka gyara komai. In kana son samfurin takardar da nake amfani da ita yi min magana ta inbos, shafi ɗaya ce.