Wace kalma za mu sa wa "invasive species"?

1/ Jama'a, a kawo ɗauki. Muna rubuta sanarwa don masunta da masu fito na Kogin Kaduna da madatsar Kangimi, sai muka cije a kan "invasive species". Abin nufi, tsiro ko kifi ko dodon koɗi da ya faɗa ruwan da ba nasa ba, ya hayayyafa har ya fi ƙarfin na gida.

2/ An ce "baƙon iri". Ni dai bai kwanta mini ba. Masara da rogo da tumatir duk baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka zo, wa ya taɓa kai ƙararsu? Ɓarnar muke so kalmar ta ɗauko.

3/ "Ɗan kama-wuri-zauna" ma ya yi ma'ana, amma 'yan jarida sun riga sun ba shi aiki a fagen siyasa. Ga tsawo.

4/ Nawa shi ne MAMAYAU, a kan awon gagarau da mantau, wato wanda abin ya zame masa hali.

5/ Ku gwada shi da giwan ruwa. A kogunanmu ɗan gida ne. Da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka a shekarun 1950, sai ya bi ƙananan kifayen wurin da ci, har ire-ire masu yawa suka ɓace. Kifi ɗaya, nan ɗan gari, can mamayau. Ashe sunan hali muke nema.

6/ Haka ciyawar ruwan nan "water hyacinth" mai fure ruwan shuni, 'yar Kudancin Amurka, da ta ɓullo Najeriya ta Badagry, Jihar Legas, a 1984. Tana shimfiɗuwa ta rufe ruwa ruf, ta hana iska da haske, ta naɗe farfelar inji. Don Allah a daina ce mata kainuwa, kama kawai suka yi.

7/ Reshe ɗaya da ya maƙale a koma ko a igiya, ko ɗan ruwan da ya kwanta a cikin jirgi, ya isa ya kai ta wani tafkin. Shi ya sa a Amurka ake nanata wa masu jirage abu uku kafin su sauya ruwa. Da Hausa: wanke, kwarfe, shanya.

8/ Jimlar za ta fito haka: "Kada jirginka ya yi dakon mamayau." Jam'in ne ya rage. A bar shi yadda yake, ko akwai mai dabara?