Rubuta bayanin yadda Java da Kotlin ke kiran kilas ɗin juna

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhajar waya a Yaba. Da harshen rubuta manhaja na Java aka gina manhajarmu ta Android tun farko, amma tun da Google ya bayyana a 2019 cewa harshen Kotlin zai riƙa fifitawa, duk sabon ɓangare da ita muke rubuta shi. Yanzu an ɗora mini alhakin rubuta takardar bayani ga sabbin ma'aikata kan yadda kowane harshe ke kiran kilas ɗin ɗayan. Makon jiya wani matashi da ke koyon aiki a wurinmu ya ɓata rabin yini yana neman wani fankshan da na ajiye a fayil mai suna Kudi.kt, bai san cewa daga ɓangaren Java sai ya kira KudiKt ba. Ta ina ya kamata in fara?

Malam na Obalende:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka raba takardar gida biyu bisa wanda ke yin kiran, domin matsalolin ba iri ɗaya ba ne. Kotlin ba ta shan wahala sosai wajen kiran Java, tun da dukansu ana fassara su ne zuwa umarnin JVM, wato injin da ke gudanar da shirye-shiryen Java. Babban abin da za ka jaddada shi ne cewa duk abin da ya fito daga Java ba tare da alamar @Nullable ko @NonNull ba, Kotlin ba ta san ko zai iya zama null, wato babu komai a ciki, ba, kuma kompaila ba zai yi gargaɗi ba sai manhaja ta faɗi a hannun mai amfani.

Ɗaya ɓangaren, wato Java na kiran Kotlin, shi ne ke buƙatar haƙuri. Ka nuna cewa fankshan da ke cikin companion object, wato sashen kilas da ake kira da sunan kilas ɗin kansa, sai an bi ta Companion kafin Java ta kai gare shi, in ba a sa @JvmStatic ba. Ka nuna cewa ƙimar da aka riga aka ba farameta a Kotlin ba ta bayyana ga Java sai da @JvmOverloads, kuma Java ba za ta bari a kama IOException, wato kuskuren karanta ko rubuta bayanai, daga fankshan ɗin Kotlin ba idan babu @Throws. Abin da ya sami yaronku kuwa, @file:JvmName a saman fayil ke maganinsa, domin da shi za ka zaɓi sunan da Java za ta kira maimakon KudiKt. Kowane ɗaya ka rubuta shi sau biyu, yadda aka ƙirƙire shi da yadda mai kira zai buga shi da hannunsa.

Hajiya ta Ikeja:
Na yarda da Malam, sai dai ina da ƙari. Misalan da aka liƙa cikin takarda suna tsufa ba tare da kowa ya lura ba. A wurinmu mun mayar da kowane misali ƙaramin gwaji da ake gudanarwa tare da sauran, saboda duk ranar da wani ya cire @JvmStatic, kompaila ya ƙi haɗa gwajin Java nan take. Dokka kuma, manhajar da ke fitar da takardar bayani daga sharhin da ke cikin kod, tana karanta KDoc na Kotlin da Javadoc na Java duka biyu, ba sai ka kula da takardu biyu ba.

Ɗan Agege:
Na gode, Malam da Hajiya. Fankshan masu suspend fa, wato waɗanda ke iya dakatawa su ci gaba daga baya? Daga Java ina ganin wani ƙarin farameta mai suna Continuation.

Malam na Obalende:
Kada ka koya wa kowa kiransu kai tsaye. Ka lulluɓe su a Kotlin su dawo da CompletableFuture, wato kilas ɗin Java da ke riƙe sakamakon da zai zo daga baya, sannan wannan lulluɓin kaɗai za ka saka a takardar.